Yaya ake gane firamare mai kyau kafin a sayi fom?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, yaro zai shiga aji ɗaya zango mai zuwa. Duk makarantar da aka je sai a nuna sabon fenti da motar ɗaukar yara da ɗakin kwamfuta. Me ya kamata a duba, kuma waɗanne takardu ake nema wajen ɗauka?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki je ranar da suka sa miki. Ki faɗa musu kwatsam ranar karatu, wajen ƙarfe goma, ki ce a kai ki aji uku. Nan ake ganin abin da makaranta ta yi da yaro cikin shekara biyu.

Ki riƙo ɗan labari mai layi biyar wanda ba ya cikin littafinsu. Da izinin malami, ki zaɓi yara uku da kanki, ɗaya daga bencin baya. Kowa ya karanta, sannan ki tambaye shi abin da ya faru a labarin. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali zai yi tuntuɓe, amma zai kai ƙarshe. Wanda hadda aka ɗura masa zai tsaya cak a kalmar farko da bai taɓa gani ba. Karatun da aji ke rerawa baki ɗaya yana da daɗin ji ta taga, amma yara biyar ne ke ja, saura bin baki suke yi.

Sai littafin rubutu. Ki buɗe daga ƙarshe ki ga yaushe rabon jan biro da shi. Idan sati biyu ba maki, ko an yi wa lissafin da ba daidai ba maki, malamin ba ya dubawa. Ki kuma lura ko yaro yana sake rubuta gyara a ƙasan kuskurensa.

Malamar Aji Biyu:
Gaskiya ne, ranka ya daɗe. In ƙara da abu biyu. Ki ƙirga kawunan yara da idonki, kada ki tsaya a rajista. Aji ɗaya in ya haura 40, malama ba za ta iya zama da kowane yaro ta ji karatunsa ba. Ki tambayi malaman shekara nawa suka yi a wurin. In yawancinsu sababbi ne, akwai matsala a albashi ko shugabanci, kuma yaronki zai canja hannu a tsakiyar zango.

Na biyu banɗaki, wanda ba kowa ke leƙawa ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya haɗe da wurin fitsari ga maza 50, da ruwa lita 5 ga kowane yaro a rana. Ki duba ko akwai sabulu, ko kuwa an garƙame ƙofar da kwaɗo.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode, Allah ya saka. Batun takardu fa? An kuma ce sai ya yi jarrabawa.

Tsohon Hedimasta:
Galibi takardar haihuwa, katin rigakafi, hoton fasfo, da sakamakon nazire in ya yi. Mai canjin makaranta zai haɗa da takardar canji. Ki tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa sun zo daidai a fom da takardar haihuwa, don kuskuren harafi ɗaya kan bi yaro har jarrabawar fita.

Gwajin ɗan shekara shida bai wuce riƙon fensir, gane haruffa, ƙirge da bin umarni ba. Kafin ki biya ko sisi, ki nemi shaidar rajistar makarantar da hukumar ilimi, sannan a rubuto miki kuɗin shekara gaba ɗaya: yunifom, littattafai, jarrabawa, mota. Ki kuma tambayi wa ake miƙa wa yaro in an tashi, da yadda suke tantance mai ɗauka.