Wai da gaske Fafaroma ya taɓa tsige sarki?

Ɗan_Majalisa: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muna hira wani abokina yake cewa wai a da can Fafaroma shi ke naɗa sarakunan Turai shi ke tsige su, har wani sarki ya yi kwana uku a ƙofarsa ba takalmi yana roƙon gafara. Ni dai na ɗauka shaci-faɗi ne. Mutumin da ba soja gare shi ba, sai coci da addu'a, ta yaya zai juya mai takobi? Masu sani a taimaka don Allah.

Malam_Na_Tarihi: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, an yi haka a watan Janairu na 1077 a wani gidan sarauta da ake kira Canossa a arewacin Italiya. Sarkin shi ne Henry na huɗu na Jamus, Fafaroman kuma Gregory na bakwai. Abin da ya haɗa su shi ne wa ke da ikon naɗa bishop, don a lokacin bishop ba limami kawai ba ne, yana da gonaki da haraji da mayaƙa, kamar dai hakimi, to ka ga sarki ba zai yarda wani daga Rum ya riƙa zaɓa masa hakimai ba. Da rigima ta yi zafi sai Gregory ya kore shi daga coci a 1076, ya kuma ce duk wanda ya yi masa mubaya'a an sauke masa wannan rantsuwa. Nan makamin yake fa. Manyan Jamus da dama can suna jin haushinsa suka samu hujja, suka ce in bai wanke kansa ba cikin shekara za su naɗa wani. Dole ta sa ya tsallaka duwatsun Alps cikin hunturu ya tsaya cikin dusar ƙanƙara har aka buɗe masa.

Yar_Katolika: Malam ka faɗi daidai amma ka tsaya a inda labarin ya yi daɗi 😄 Ai Henryn nan da ya samu ya miƙe sai ya dawo da runduna ya shiga Rum a 1084 ya ɗora nasa Fafaroman, shi kuma Gregory ya gudu kudu ya rasu a Salerno a 1085. Maganar naɗin bishop ma ba a daidaita ba sai 1122 a garin Worms, duk su biyun sun riga sun mutu.

Ni a ganina ƙarfin yana aiki ne in jama'ar sarkin na tsoron hukuncin, ko kuma suna neman dalilin yi masa tawaye. Dubi Fafaroma Innocent na uku, ya sa aka rufe ibada a cocin Ingila gaba ɗaya a 1208, sai da sarki John ya durƙusa a 1213 har ya amince ƙasarsa tana ƙarƙashin Fafaroma. Amma ba a cika shekara ɗari ba Fafaroma Boniface na takwas ya gwada irin haka da Philip na huɗu na Faransa, ya fitar da takarda a 1302 cewa kowane mahaluki sai ya bi Fafaroma zai tsira, mutanen Philip suka je garin Anagni a Italiya suka kama Fafaroman a 1303, bayan wata guda ya mutu. Daga nan ma kujerar Fafaroma ta koma Avignon, a kudancin Faransa ta yau, wajen shekara 70.

Bakano_001: Ɗan_Majalisa gyara kaɗan, cewa da ka yi ba shi da soja. Yana da su wallahi, har da ƙasa sukutum a tsakiyar Italiya tun 756 da sarki Pepin, mai mulkin yankin Faransa a lokacin, ya ba shi, yana karɓar haraji yana yaƙi kamar kowa, Fafaroma Julius na biyu da kansa yake fita fagen daga. Sai 1870 sojojin Italiya suka ƙwace Rum. Vatican ɗin da muke ji a labarai ɗan abin da ya rage ne, hekta 44 kacal, a 1929 aka ƙulla yarjejeniyar kafa ta da Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin.

Ɗan_Majalisa: Ikon Allah. To naɗin fa, shi ma gaskiya ne?

Malam_Na_Tarihi: Gaskiya ne. Fafaroma Leo na uku ne ya ɗora wa Charlemagne, ɗan sarki Pepin ɗin nan, kambi a Rum ranar Kirsimeti ta shekarar 800. Shekara dubu da 'yan kai bayan nan, a 1804, Napoleon na Faransa ya gayyato Fafaroma Pius na bakwai har Paris, da aka zo wajen kambin sai ya ɗauka ya ɗora wa kansa, tsohon na zaune yana kallo. Bayan shekara biyar kuma ya sa aka tsare Fafaroman.

Yar_Katolika: Amma Napoleon ya ƙare a tsibirin Saint Helena, Pius kuwa ya koma Rum a 1814 ya ci gaba da zamansa. Babana har gobe yana ba da labarin zuwan John Paul na biyu Kaduna a 1982, ya ce da asuba suka tafi don su samu wurin tsayuwa, ƙarshe dai daga nesa ya hango farar hularsa.