Gidaje ga masu kwana a titi: muhawarar da ta tashi a zauren Matasan Ƙofar Ƙaura

Aminu mai shago: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Akwai dattijon da ke kwana a barandar shagunan layinmu tun kafin in kama haya a wurin. Kwali ne shimfiɗarsa, buhun siminti ne mayafinsa. Da asubar nan na iske ya ƙona leda da tsumma yana jin ɗumi, ƙafarsa ta hagu ta kumbura har ƙyallen da ya ɗaure ta da shi ya nutse cikin nama. Mai wucewa ya miƙa masa ɗari biyu ya ƙara gaba. In babban baƙo zai shigo gari a kwashe masu kwana a titi a mota, bayan mako ka gan su inda suke. Gwamnatin jiha ta ware kuɗi a kasafi, ta gina wa irin waɗannan ɗakuna na dindindin, a sa ma'aikacin lafiya yana leƙa su. Haƙƙinsu ne.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma ƙanena, janye maganar haƙƙi. Tun 1992 doka ta ce ma'aikacin gwamnati ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a asusun gidaje na ƙasa. Wanda ya zuba shi ne mai haƙƙi. Malaman firamare nawa suka yi ritaya a gidan haya? Abin da kake nema taimako ne, ka kira shi taimako.

Barista Hadiza: Malam Lawal, da girmanka, Aminu bai yi kuskure ba. Sashe na 16(2)(d) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu muhalli da abinci isasshe. Bai ce ma'aikaci kaɗai ba. Sai dai sashe na 6(6)(c) ya hana a kai ƙara kotu kan abin da ke cikin babin da sashe na 16 yake.

Malam Lawal: To kun ji daga bakin lauya. Abin da kotu ba ta karɓar maka, ina haƙƙi a nan?

Barista Hadiza: Rabin maganata ka ɗauka, Malam.

Ustaz Bashir: Ku bar kundin nan. A Suratuz Zariyat aya ta 19 Allah ya ce a cikin dukiyoyinsu akwai haƙƙi ga mai roƙo da wanda aka hana wa. Haƙƙi ya ce. Fakirai da miskinai su ne na farko cikin kaso takwas na masu cin zakka a Suratut Tauba aya ta 60. Ahlus Suffa ma, sahabbai talakawa marasa muhalli, a masallacin Annabi (SAW) suke kwana, ba a kore su ba. Amma dukiyar masu hali ake nufi. Da attajiran Katsina na fidda zakka yadda ya kamata, da ba mu je ƙofar gwamnati ba.

Alhaji Sada: Ustaz, a bar jifan 'yan kasuwa. Ka san abin da muke fitarwa ne? Ba kowa ke ɗaukar hoto in ya yi ba.

Ustaz Bashir: Ban kama sunan kowa ba, Alhaji. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Alhaji Sada: Ni ka ce wa mai kaza? Na girmi babban yayanka.

Dakta Nura: Don Allah a saurara. Abin da Aminu ya faɗa an gwada shi. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Sam Tsemberis, ya fara a birnin New York a 1992, ƙasar Finlan kuma ta mai da shi manufar gwamnati a 2008. Da can sai an ce wa mutum ya bar shaye-shaye, ya warke, sannan a duba ko ya cancanci ɗaki. Suka juya abin: a ba shi ɗaki tukun, da takardar haya da sunansa, magani ya biyo baya. Dalilin a fili yake. Mai taɓin hankali da ke kwana a baranda ina zai ajiye maganinsa, wa zai tuna masa lokacin sha? Na sha wanke miki in ɗaure, a sallami mutum ya koma kwana kan ƙasa, ya dawo ya fi da lalacewa. Kuɗin gado da allura da ake maimaitawa ai na gwamnati ne. Kuma a Finlan ba kyauta ba ne, suna biyan haya daga tallafin da ake ba su.

Malam Lawal: Likita, Finlan duka mutum miliyan biyar da rabi ne da 'yan kai. Jihar Katsina ta kai miliyan 5.8 tun ƙidayar 2006. Ranar da aka ce ana raba ɗaki, har daga Maraɗi za a zo a shimfiɗa kwali.

Alhaji Sada: Yauwa. Mafi yawansu ma ba 'yan gari ba ne.

Sagir Batsari: Alhaji, su waye ba 'yan gari ba? Gwaggona da 'ya'yanta huɗu a kango suke zaune cikin garin nan, ba ƙofa ba taga, zani suka rataya. Gona gare su da rumbu kafin 'yan bindiga su tashe su. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana ba 'yan jihar nan ba ne? In an zo zaɓe ai ana ƙirga mu.

Aminu mai shago: Sagir, Allah ya kawo ƙarshen abin. Amma ni waɗanda suka yi shekaru a titi nake nufi, masu ciwo, waɗanda danginsu suka sallama.

Sagir Batsari: Wato namu su jira sai sun yi shekarun?

Hajiya Mairo Daura: Mu dai a Daura da wuya ka ga dattijo ya kwana waje, mai unguwa zai nemo danginsa. Zumunci ne ya yi rauni a birni.

Alhaji Sada: Hajiya, ku da aka kai wa jami'ar sufuri, ga jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi zai bi ta ƙofarku, ai sai ku yi mana wa'azi.

Hajiya Mairo Daura: Jirgin ba zai bi ta Katsina ba? Kuma mi ya kawo marigayi Buhari cikin maganar nan?

Alhaji Sada: Ni ban ambaci sunansa ba, ke kika kawo shi.

Dakta Nura: Aminu, turo mini lambarka ta gefe. Wannan ƙafar ba ta jiran kasafin kuɗi, in na tashi aiki zan biyo.

Shugaban zaure, Malam Kabir: Jama'a ya isa haka. Ga abin da aka tattauna a taƙaice. Aminu ya nemi a raba gidaje kyauta. Barista ta tabbatar doka ba ta tilasta wa gwamnati ba. Ustaz ya nuna aikin masu zakka ne. Malam Lawal, wanda ya fi kowa kawo hujja, ya nuna ma'aikata ne ya kamata a fara dubawa, kuma mu da ke cikin aikin mun san gaskiya ya faɗa. Tsarin Turawa bai dace da mu ba. Alhaji da Ustaz su yafi juna. Na rufe zaure sai bayan isha'i.

Barista Hadiza: Malam Kabir, kafin ka rufe, goge sunana daga taƙaitawar nan. Ban ce haka ba, Aminu ma bai ce kyauta ba.