Kajin walima, na gona ko na gida?

Maman Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Walimar saukar yarona saura sati biyu, ina neman kaji kamar 30. In sayi na gona nan Garwa ko in aika kasuwar Pitowa ranar Lahadi a samo min na gida? Kuɗin hannuna ba yawa fa.

Uwar Biyu: Allah sa albarka a karatu. Na gona mana Hajiya, sun fi tsoka, kaza ɗaya ta ishi mutum huɗu.

Ɗan Pitowa: Na gida dai Hajiya. Miyar ma daban take.

Gwaggo Tela: Hajiya kafin ki ba kowa kuɗinki ki taka da ƙafarki ki ga inda kajin suke kwana. Bara lokacin bikin ƙanwata na sayi na gona wurin wani mutum a bayan gari, ba zan kama suna ba, da na shiga ɗakin wallahi warin kashi sai da ya sa idona hawaye, kaji cunkushe ba wurin buɗe fiffike, wasu ƙirjinsu ba gashi ya yi ja saboda kwanciya kan jiƙaƙƙen ƙasa, wasu ko tashi ba sa iyawa don jiki ya fi ƙarfin ƙafa. Irin nan kwana 45 ake sayar da su, ta gida kuwa sai ta yi wata biyar ko shida tana kiwo kafin ta isa yanka. Na ga yaronsa yana zuba magani cikin ruwan shansu a ranar da nake saye, alhali a jikin takardar maganin ana rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka, na yi magana ya ce kowa haka yake yi. Sannan aka ɗaure musu ƙafa aka rataya a moto kai ƙasa cikin ranar watan Afrilu, kun san zafin Garwa ya kan wuce 40, kafin a iso gida wasu sun mutu, mushe ke nan, sauran baki buɗe suna haki. Har yau abin yana damuna, dabba ce amma tana jin azaba.

Uwar Biyu: Innalillahi. Amma Gwaggo ba duka masu gona ne haka ba.

Mai Kaji: Na gode Uwar Biyu. Ni 200 nake zubawa, ina canza musu dusar katako, ina barin iska ta ratsa, lokacin zafi ma na kan rage yawansu. Kar a yi mana kuɗin goro. Kuma ku tuna kafin 2005 daskararrun kaji daga Turai ne suka cika kasuwannin Duwala da Yawunde, sai da ƙungiyar kare muradun jama'a ta ACDIC, ta Bernard Njonga, ta yi ta faɗa kafin gwamnati ta taka wa abin birki, shi ya sa irinmu muka samu wurin kiwo. Tsadar masara da 'yan tsakin da muke jira daga kudu ne ke sa wasu cunkusawa.

Gwaggo Tela: Tsada ba hujja ba ce ɗana. In ɗakin na 200 ne kar a sa 400.

Malam Ƙarami: Gaskiya ne Gwaggo. Hadisi ya zo a Muslim cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Malamai kuma sun hana a yanka wata a gaban wata. Masu fige kaji a kasuwa su ji tsoron Allah, wasu tun kaza ba ta gama mutuwa ba suke tsoma ta ruwan zafi.

Ɗan Pitowa: Mai Kaji kajinka in suka ga zakaran gida guduwa za su yi, in ma sun iya gudun 😂

Mai Kaji: Naka ai hunturu ɗaya ke share su.

Ɗan Pitowa: Don ba a musu rigakafi ne. LANAVET, cibiyar magungunan dabbobi ta ƙasa da ke nan Bokle kusa da Garwa, suna yin allurar annobar kajin, ni kafin sanyi ya shigo nake kiran likitan dabbobi, bana ko ɗaya ban rasa ba.

Uwar Biyu: To ana yi wa zabbi ma? Nawa duk shekara sai sun ƙare tun suna ƙanana.

Malam Ƙarami: Zabbi sanyi da raɓa ne ke kashe 'ya'yansu, ki riƙa kulle su da safe har rana ta ɗaga.

Maman Hanifa: Jama'a kun bar ni a tsaye fa. Mai Kaji in na zo gobe bayan la'asar za ka buɗe min ɗakin in gani?

Mai Kaji: Ki zo Hajiya, amma sai kin tsoma takalminki a ruwan magani a bakin ƙofa, tun murar tsuntsaye ta 2016 ba na barin kowa ya shiga haka nan. Ki zo da kwando babba, ba na ɗaure ƙafa.

Ɗan Pitowa: Ko goma ne ki haɗa da na gida saboda tsofaffi, ba za su ci waccan ba.