Akwatin lefe ya ɓace: ya isa a kira shi labarin bincike?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kai babi na 7 a labarin da nake rubutawa, sai yayana ya karanta ya ce wai ba labarin bincike ba ne tunda ba a kashe kowa ba. A taƙaice ga yadda yake: a wani ƙaramin gari kusa da Wudil, saura kwana 3 a kai lefe, akwati ɗaya cikin shida ya yi ɓatan dabo daga ɗakin gwaggon ango. Ƙanwar ango da wani tela, wanda kuma taubashinta ne, su suke bin sawu, suna tsokanar juna har so ya shiga tsakaninsu. Don Allah ku raba mu.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan yayanki. Abin da ke riƙe mai karatu a labarin bincike shi ne fargaba. Atamfa da leshi in sun ɓace, a shiga Kantin Kwari a sayo wasu. Rai kuwa ba a sayo shi. Ki kira shi labarin soyayya mai ban dariya, babu laifi, tun shekarun 1980 kasuwar Kano ke cin irinsa.

Hajiya Ladi: Malam Sabo, da gani ba ka taɓa haɗa lefe da hannunka ba. Wannan akwatin adashin wata da watanni ne. Ranar da aka kai, dangin amarya za su zauna su ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma sun riga sun ji cewa shida ne. A kai musu biyar a ga yadda za a kwashe. Na ga auren da aka fasa a kan abin da bai kai wannan ba. Ita kuma gwaggon da aka ba ajiya, da wane ido za ta kalli ɗan'uwanta? Wallahi na fi jin fargabar wannan a kan gawar mutumin da ban sani ba a shafi na farko.

Abba Yakasai: Hajiya ta yi gaskiya, amma ni matsalata daban ce. Wa zai fita da akwati daga gida a garinmu ba a gan shi ba? A lungunmu kaɗai akwai mai shayi a baki, ga yara na wasa, ga dattawa a dakali tun daga la'asar har magariba. Balle ƙaramin gari. Kafin sallar isha'i mai unguwa ya san komai, labari ya ƙare a babi na 2.

Hajiya Ladi: Yauwa Abba, nan ne daɗin yake. An gani mana! Amma wa zai faɗa? Mai shayi ya gani, sai dai wanda ya ɗauka surukinsa ne. Maƙwabciya ta gani, amma kara ba za ta bar ta ta buɗe baki ba. Dattijo ya gani ya ce a rufa asiri. A wurinmu mai bincike ba ya neman zanen yatsa, aikinsa ya san yadda zai sa mutum ya yi magana ba tare da ya ji ya ci amanar kowa ba. Shi ya sa na so zaɓin tela. Shagon tela ana gab da biki, babu zancen da ba ya bi ta wurin. Da ni ce ma sai na ƙara dillaliya, wadda ke shiga kowane gida har ƙuryar ɗaki.

Malama Binta: Kuma batun dariya ba baƙo ba ne a rubutunmu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito daga gasar rubutu ta 1933, kusan duk a kan yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke shirya wa juna tuggu ya ginu. Wasan taubasai da kika ɗauko ma dabara ce mai kyau, don shi zai ba yarinya damar ja-in-ja da saurayi a gaban manya ba a ce ta yi rashin kunya ba.

Malam Sabo: Na ji, na sauko a kan lefe. Amma ga inda ba zan sauko ba: zargin sata ba abin dariya ba ne. Kun san abin da ihun "ɓarawo" yake jawowa a kasuwa. Ko a cikin gida, yarinyar aiki ko almajirin gida ake fara nunawa, kuma tabon ba ya gogewa ko an gano ba su ba ne. In marubuciya ta sa muna dariya alhali ana tuhumar marar gata, ni na ajiye littafin.

Maman Ilham: Wannan ta taɓa ni, Malam, domin a babi na 4 almajirin gidan aka fara zarga, kuma na rubuta wurin da raha. Zan koma in gyara. Sai dai ba zan cire zargin ba, tunda haka ake yi, zan bar ƙanwar ango ta tsaya masa ne, dariyar kuma ta koma kan masu zargin.

Abba Yakasai: To Anti, a ƙarshe sata ce ko ɓoyewa aka yi? Ni ina zargin kakar ango, wataƙila ba ta son auren.

Malama Binta: A'a Abba, kar ta faɗa mana.

Malam Sabo: Ni dai har yanzu a rukunin soyayya zan ajiye shi. Amma ki turo babi na 4 in kin gyara, ina son ganin yadda za ki fitar da yaron nan.

Maman Ilham: In sha Allahu ranar Asabar bayan azahar. Hajiya Ladi, zan kira ki a kan dillaliyar nan.