Neman shawara: yarana suna iya ba da labarin tarihi da baki, amma rubutawa ta gagara

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Ringim, firamaren tana da nisa kuma da damina hanyar ba ta biyuwa, shi ne na ce tunda na ɗan yi karatu bari in riƙa koya wa yaran a gida. Kullum bayan isha'i sai in kunna fitila mai caji in karanta musu tarihin Kano daga wani tsohon littafin Hausa na mahaifina, mun faro daga Dala da Barbushe mun wuce Bagauda yanzu muna kan Sarki Muhammadu Rumfa. Da baki wallahi ba matsala, babban nawa mai shekara 10 zai zayyano yadda Rumfa ya gina gidan sarki ya kafa kasuwar Kurmi har yana nuni da hannu, amma da na miƙa masa littafi na ce rubuta abin da ka faɗa sai ya zauna yana tauna marfin biro, ƙarshe layi biyu zan gani: "Rumfa sarki ne. Yana da kirki." Ƙanwarsa mai shekara 7 kuwa kuka take sa min. Abin yana damuna sosai, ya zan yi?

Tsohon Hedimasta, Gaya:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Ita ƙaramar ki sauke mata wannan nauyin tukuna, mai shekara 7 hannunta bai gama nuna ba, ta faɗa da baki ya wadatar. Akwai wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, da ta rasu a 1923, tsarinta shi ne a karanta wa yaro sau ɗaya tak ya maido da kalmominsa, sai ya yi shekaru yana haka da baki kafin a ce ya rubuta, wajen shekara 9 ko 10. To ɗanki yanzu ya iso bakin ƙofar, ba makara ya yi ba. Abin da ke faruwa shi ne aiki uku kike ɗora masa lokaci guda, ya tuno labarin, ya shirya jimla, ya kuma yi fama da haruffa, dole ɗaya ya danne sauran. Ki raba masa su. Karanta sakin layi biyu kawai ki rufe littafin, shi yana faɗa ke kina rubutawa daidai yadda ya fito daga bakinsa kar ki gyara masa ko kalma, sannan ki ba shi ya karanta da ƙarfi, idan ya ga maganarsa ta cika shafi za ki ga yadda fuskarsa za ta canza. Bayan wasu makonni ki rubuta farkon shi ya ƙarasa jimla biyun ƙarshe, a hankali rabonsa yana ƙaruwa naki yana raguwa. Jan biro kuma ki ɓoye shi, kuskure ɗaya za ki zaɓa ku gyara washegari.

Malamar Islamiyya, Gumel:
Na goyi bayan Baba. Ki tuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta hanyar waƙa jajis ɗinta, wato matan da ta horar don su koyar, suke kai ilimi ga matan karkara, kunne ne ya fara ɗauka, don haka kar ki raina abin da suke yi da baki. Ni nawa matsalarsu cakuɗa zamani ce, sai na ɗaura igiya a ɗaki muka rataya kwalaye da abin maƙale shanya: 999 Bagauda, 1463 hawan Rumfa, 1804 jihadi, 1903 Turawa sun ci Kano, 1991 an cire Jigawa daga Kano. Duk wanda muka karanta yaro ya rubuta jimla ɗaya a kwali ya je ya nemo masa gurbi. Ƙaramar taki zane za ta yi a nata.

Baban Khalifa:
Ni gaskiya ina da ja. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yinta, me zai sa a ɓata lokaci da rubutun Hausa? Kuma yara su koma makaranta da zarar ruwa ya ɗauke, zaman gida ba zai maye gurbin aji ba.

Tsohon Hedimasta, Gaya:
Maganar komawa aji gaskiyarka ce ɗana, ai ba ta ce ta cire su ba. Amma yaron da bai iya jera tunaninsa da harshen da yake mafarki da shi ba, da wane zai jera? Ya iya faɗin wannan ya faru, sai wannan, saboda kaza, da Hausa tukuna, Turancin a ware masa lokacinsa daban.

Anti Larai, Birnin Kudu:
Ki ba shi wanda zai rubuta wa. Nawa sai da na ce kakarsu ba ta gani sosai ya rubuto mata labarin ya karanta mata, ranar ya cika shafi da rabi don tsohuwar tana ta tambaya to sai me ya faru. Daga baya ita ma ta ba shi labarin zamanin dalar gyaɗa a Kano, ya rubuta. Sannan ki koya masa ya sa "an ce" a irin labarin Barbushe da Tsumburbura, don ya san bambancin abin da aka gada a baki da abin da aka rubuta a zamaninsa. In hali ya yi ku leƙa Gidan Makama a Kano, ko ku zo nan ku ga zanen mutanen da a jikin duwatsunmu.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau zan gwada a kan zuwan Shehu Maghili Kano, shi ya faɗa ni in rubuta, gobe ya kai wa kakarsa ya karanta mata. Baba tambaya ɗaya ta rage, sau nawa a sati ya kamata ya riƙa rubutun da hannunsa?

Tsohon Hedimasta, Gaya:
Sau ɗaya a sati ya isa a farko 'yata, sauran ranakun da baki. Idan kika ga yana cika rabin shafi ba tare da kin tsaya a kansa ba sai ki mayar sau biyu.