Kwal ko gawayi, wanne ya fi cin daji?

Zauren 'yan gida, Zariya, bayan isha'i.

Auta: Salamu alaikum. Yau na sayo gawayi a Sabon Gari, kuɗin ya sake tashi. Ni dai da za a saki haƙar kwal sosai, irin ta Maiganga a Gombe da Okaba a Kogi, da daji ya huta. Rami ne, a gama a cike a dasa bishiya. Masu gawayi kuwa kullum gatari.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Auta, ka taɓa tsayawa bakin ramin nan, ko a waya ka gani?

Auta: A waya ne Kawu, amma ai Inugu an fi shekara ɗari da fara haƙa, garin bai tashi ba.

Yaya Injiniya: Nan ka ruɗe. Ta Inugu ƙarƙashin ƙasa aka riƙa shiga, daji na sama. Waɗannan da ka ambata buɗe ƙasa ake yi. Katafila ta ture itace, ta kwashe ƙasar sama da saiwa da irin ciyawa, a tara tsibi guda. In tsibin ya shekara da shekaru rana na dukansa, ko an mayar ba ƙasar da ba ce. Mai gawayi ɓarna yake, ban wanke shi ba, amma yakan bar kututture, marke kuma yana tohowa.

Goggo: Ka tambaye su me suke dasawa. Darbejiya da turare, don suna saurin tashi. Kaɗanya kuwa sai ta kai shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Wa ya taɓa yin daddawa da darbejiya? Matar da ɗorawa uku ke riƙe mata gida, inuwa za ta ci?

Auta: Ai ana biyan diyya, Goggo. Kuma samari na samun aiki, wannan ba ƙarya ba ne.

Kawu: Aikin gaskiya ne. Diyya sau ɗaya ake ba ka, ɗorawa duk shekara take bayarwa.

Anti Barista: Ni ruwan ne ya fi damuna. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko a tsakiyar gonarka yake. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tilasta wa mai lasisi ƙulla yarjejeniya da mutanen gari, ta kuma hana shi gurɓata ruwa. Dokar ruwa ta 1993 ta ba kowa damar ɗiba kyauta don gida da dabbobi. A takarda lafiya lau. To rijiyarka ta ƙafe, jeka ka gamsar da alƙali cewa ramin ne ya janye, ba rani ba.

Auta: To ƙila ranin ne mana.

Yaya Injiniya: Rami in ya zarce rijiya zurfi, ruwan ƙasa can yake gangarawa, su kuma dole su sa inji su zuƙe don su yi aiki. Rijiyoyin kewaye sai a yi ta ƙara wa guga igiya. Sannan akwai dutse mai farar wuta da ke tare da kwal, da ya sha iska da ruwa sai ya zama asid. Rafi ya yi ja kamar tsatsa, saniya ta shinshina ta juya.

Kawu: Kududdufan cikin birni kakanninmu suka haƙa da hannu don ginin soro. Har yau suna nan, sai sauro da leda. Balle ramin da tifa ke shiga ta yi kwana a ciki.

Auta: Na ji, amma ba wanda ya faɗa min da me talaka zai yi girki. Gas ya gagara.

Goggo: Wannan kam kana da gaskiya. Kafin a samo amsa, in ka fita asuba ka turo min mai ruwa, kura ɗaya, kwana huɗu ke nan famfo bai kawo ba.