Mu da muka haura arba'in, me ya sa muka koma son fim ɗin da akta dattijo ne?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Tambayata ga 'yan zamanin kaset da gidan kallo mai benci ce, amma kowa na iya sa baki.

Na lura yanzu in na je wurin yaran da ke tura fim a waya, ba na bi ta kan na samarin nan masu tashi sama. Abin da nake tambaya kullum shi ne, akwai na Denzel Washington? Akwai na Liam Neeson? In akta bai yi furfura ba, fim ɗin ba ya shiga raina. Abokan da muke zama da su bayan isha'i su ma haka. Ku ma haka abin yake a wurinku? Me kuke ganin ya kawo shi?

Bari in fara faɗin nawa. Muna yara ƙwanji ke kai mu kallo. Kowa ya tuna farkon Commando na 1985, Arnold ya saɓo gungumen itace a kafaɗa, gidan kallo ya kaure da ihu. Akta ba ya gajiya, harsashinsa ba ya ƙarewa, sai ya kai ga bos. Burinmu a lokacin mu zama shi.

Yanzu kuwa rabin awar farko ce ke riƙe ni, tun kafin a fara duka. Ku duba Taken na 2008. An haifi Neeson a 1952, yana da shekara 55 fim ɗin ya fito. Ya fito a mutumin da ya ajiye aikin leƙen asiri don ya matso kusa da 'yarsa, aure ya riga ya mutu, uwar ta auri attajiri. Ranar da yarinyar ta cika shekara 17 ya je mata da 'yar na'urar rera waƙa, wadda ya sha zuwa shago yana dubawa kafin ya saya, ya zauna ya naɗe ta a takarda da hannunsa yana daidaita gefe-gefen. Tana cikin murna sai ga doki an jawo, kyautar mijin uwa. Ta bar tasa ta ruga da gudu. Shi kuma yana tsaye a cikin taro, babu abin cewa. Wallahi duk harbe-harben da ya yi a Paris daga baya ba su tsaya min a rai kamar wannan tsayuwar ba.

Haka The Equalizer na 2014, Denzel yana da 59. Ma'aikaci ne a babban shagon kayan gini a Boston, samarin wurin suna tsokanar sa suna cankar aikin da yake yi a da. Barci ba ya zuwar masa, sai ya ɗauki littafi, ya naɗe ganyen shayinsa a tishu, ya tafi gidan abincin da ke kwana a buɗe, ya zauna a teburinsa na kullum, ya jera cokali a inda ya saba. Da ya je wurin 'yan daban Rasha saboda wata yarinya da suka ji wa ciwo, kuɗi ya fara miƙa musu, dala 9,800 a ambulan, ya ce su sake ta. Sai da suka yi masa dariya sannan ya juya ya kulle ƙofa. Haka babba yake, sai magana ta ƙare yake ɗaga hannu.

Ni mai aikin ɗab'i ne, na tsufa a gaban injin buga takardu. Yau komai a kwamfuta ake tsarawa, yaran shago suna ce min Baba, in na ɗauko kaya su karɓe daga hannuna. Na san girmamawa ce, kuma ina gode musu. Amma sannu a hankali an daina neman shawarata, sai ranar da inji ya cije kuma mai aiki yana tsaye a bakin ƙofa. A ganina wannan ranar ce waɗannan finafinan suke sayar mana: mutumin da aka jingine gefe, aka wayi gari babu mai iya aikin sai shi.

Ɗan Damagaram:

Wa'alaikumus salam Baban Ummi. Maganarka da ƙamshin gaskiya, amma kar ka manta da kasuwa. Mu nan Damagaram da Faransanci muka kalli su Rambo da Van Damme, kuma Taken ɗin da kake magana kamfanin Luc Besson na Faransa ne ya yi shi. An kashe masa kimanin dala miliyan 25, ya kawo sama da miliyan 220. Wane ɗan kasuwa ne zai ga wannan riba bai koma ba? Shi ya sa aka yi na biyu da na uku, Neeson kuma, wanda a da an fi sanin sa da Schindler's List, ya koma ɗan faɗa a jirgin sama da jirgin ƙasa.

Stallone ya gane abin da wuri. A 2010, yana da 64, ya tattaro su Jet Li da Dolph Lundgren a The Expendables, a na biyu ya ƙaro Chuck Norris, ya sa Van Damme ya zama bos. Yaran da suka yi ihu a 1985 su ne yanzu masu albashi. Dubi Top Gun: shekara 36 tsakanin na farko da na 2022, Tom Cruise ya kusa 60, fim ya kawo kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Fuskar da ka taso da ita kake biya wa kuɗi.

Maman Haidar:

Malam, ni da maigidana muke kallon su, kuma ina ganin akwai abin da ba ku faɗa ba. A Taken ai uban ya ce bai yarda da tafiyar ba. Uwar da 'yar suka matsa masa har ya sa hannu, kuma sun ɓoye masa ainihin shirin tafiyar. Da saukarta Paris aka sace ta. Wato daga farko har ƙarshe fim ɗin yana gaya wa uba cewa shi ke da gaskiya. Ina kallon fuskar maigidan duk lokacin da aka zo wurin nan, har gyaɗa kai yake.

Ba na ganin laifinku. Abin da ke damu na shi ne mace a irin waɗannan finafinan ko dai an sace ta, ko ta rasu tun kafin a fara, ana kallon hotonta. Mu ma fa muna haura arba'in, mu ma 'ya'ya suna daina neman shawararmu. Ni wanda ya taɓa ni The Woman King ne na 2022. Viola Davis tana da 57 ta fito a shugabar mayaƙan mata na Dahomey, nan maƙwabtanmu a Jamhuriyar Benin ta yau, jikinta duk tabo, tana horar da 'yan mata. Michelle Yeoh ma tana da 60 ta ɗauki Oscar a 2023, bayan ta shafe rayuwarta tana faɗa a fim. Irin su ba su da yawa, shi ne ƙorafina.

Autan Hajiya:

Baba, ku yi haƙuri da ni, ni yaro ne a cikinku. Amma ku lura da yadda ake yanka hoto. A Taken na uku akwai inda Neeson zai tsallake shinge kawai, an yanka hoton ya fi sau goma a 'yan daƙiƙoƙi, don kar a ga jikin ba ya iyawa. Harrison Ford yana da 80 a Indiana Jones na 2023, sai da aka mayar da fuskarsa ta saurayi da kwamfuta a farkon fim.

Na Bruce Willis kuma tausayi yake ba ni. A shekarunsa na ƙarshe ya fito a tarin ƙananan finafinai, fuskarsa ta cika fosta amma 'yan mintoci za ka gan shi. A 2022 iyalinsa suka sanar ya bar fim saboda cutar da ke taɓa magana, a 2023 suka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai ci gaba. Anya son da ake musu ba ya hana su hutawa?

Baban Ummi:

Auta, maganarka kan Bruce Willis ta shige ni. Amma fim mai ɓoye tsufa daban, mai nuna shi daban, kuma na biyun nake nufi. Nemi Unforgiven na 1992. Clint Eastwood ya kafa gwangwani yana harbi da ƙaramar bindiga yana kuskurewa a gaban 'ya'yansa, ya zo hawa doki ya sha ƙasa. A Equalizer na uku ma, na 2023, Denzel da sanda yake dogarawa yana hawa matakalar wani gari a kudancin Italiya bayan an harbe shi a baya. Da na ga yana tsayawa yana mayar da numfashi na ƙara yarda da shi. Maman Haidar, zan nemi wanda kika ambata insha Allah.

Bazamfare:

Ni Taken ba na iya kallon sa yanzu. A da na so shi ƙwarai. Amma an ɗauki ɗan yayana a hanyar gona, kuma ina zaune lokacin da waya ta yi ƙara. Babu wani abin da uba ke iya faɗa a wannan wayar sai roƙo. Yayana mutum ne mai zuciya, a gabana ya riƙa ce wa yaron da bai kai ɗansa ba ranka ya daɗe. Ya sayar da shanu, ya jinginar da gona, dangi suka haɗa, bayan kuɗi suka ce a ƙaro babur. Alhamdulillahi yaron ya dawo.

Don haka na fahimci abin da ke jan iyaye maza ga fim ɗin, wataƙila fiye da kowa a nan. Awa ɗaya da rabi mutum yana ganin uban da ya tashi ya je ya ɗauko 'yarsa da kansa. Ni dai in aka zo wurin da take ƙarƙashin gado tana riƙe da waya, tashi nake in fita. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Sarkin Kallo Fagge:

Amin, Bazamfare. Allah ya ƙara tsarewa.

Baban Ummi, kun tsaya a Amurka kun bar Indiya, alhali mu da muka sa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi can muka fi wayo. A 2023 kaɗai Sunny Deol ya dawo da Gadar na biyu bayan shekara 22, wannan karon ya tsallaka Pakistan ya ceto ɗansa. Amma wanda ya dace da maganarka Jailer ne na Rajinikanth, yana da 72. Tsohon shugaban gidan yari ne da ya yi ritaya, aikinsa cefane da riƙe wa jikansa kyamara yana ɗaukar bidiyon YouTube, a gida ba a ɗauke shi da wani nauyi ba. Da ɗansa ɗan sanda ya ɓace yana binciken masu safarar gumaka, sai ka ga wane ne shi.

Abin da ya burge ni, bai cika tsalle-tsalle ba. Tsofaffin mutanen da ya sani tun yana aiki yake bi ɗaya bayan ɗaya, su Mohanlal da Shiva Rajkumar, kowa ya ba shi abin da yake da shi, wani yara, wani makamai. Akwai wurin da yake zaune a teburin cin abinci da matarsa da surukarsa, maharan suna shigowa, mutanen da ya girke a waje suna ɗauke su ɗaya-ɗaya. Ka nemi mai fassarar Hausa, amma ka kalla bayan yara sun kwanta, don akwai jini sosai.